Auren Shekarar Korona: Abin da Hotuna Suka Riƙe Mana a Birnin Kudu da Gwaram



Akwai wani hoto da nake ajiye da shi a tsakiyar littafin da nake rubuce-rubucena. Mutum tara ne a cikinsa, zaune a kan tabarma biyu a zauren gidan kakanmu a Birnin Kudu. Liman yana tsakiya ya ɗaga hannu, waliyyin amarya a damansa, wakilin ango a hagu, a gabansu ga farantin goro da alawa da ko rabinsa ba a taɓa ba. Ɗaurin auren 'yar gwaggona ne, ranar Asabar 18 ga Afrilu 2020, saura kwana shida a ɗauki azumi. Ni na ɗauka da wayata Tecno, ina tsaye a bakin ƙofa, shi ya sa hasken waje ya cinye fuskar mutum biyu. Shekara biyu kafin nan, a ƙofar wannan gidan aka ɗaura auren yayarta. Sai da aka tare layi, aka kafa rumfa uku, maroƙa suka cika wuri, kuma a hoton ranar da ƙyar za ka gano ango a cikin manyan riguna.

Idan aka ajiye hotunan nan biyu kusa da juna, sun fi duk wata sanarwar gwamnati bayyana abin da shekarar 2020 ta yi mana. Wannan ne ya sa na zaɓi in yi magana a kan hoton biki a matsayin shaidar tarihi, da yadda muke barin wannan shaida tana zubewa daga hannunmu tun ba a je ko'ina ba.

Bari in faro daga nesa kaɗan, don garinmu yana da tsohuwar alaƙa da hoto, kuma abin mamaki alaƙar ta haɗa da aure. A duwatsun da ke kewaye da Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zane-zanen da mutanen dā suka yi a jikin dutse da jan launi da fari da baƙi. Galibinsu shanu ne, wasu masu dogayen ƙaho marasa tozo, irin da ba ma gani a garken Fulaninmu na yau. A shekarun 1950 ne labarinsu ya fita duniya, lokacin da Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi bincike a kansu da kuma duwatsun kiɗa da ke gefensu, waɗanda idan an buga su suke amo kamar ƙarfe. Masu binciken wancan lokaci sun rubuta cewa amare kan je Dutsen Murufu da ƙawayensu su wuni kafin a kai su ɗakin miji, ana buga duwatsun nan. Al'adar ta gushe, hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ce ke kula da wuraren yanzu. Abin da ke tsaya mini a rai duk lokacin da na je shi ne, zanen ya rayu, amma babu suna ko ɗaya a jikinsa. Mai zanen bai bar sunansa ba, ɗaruruwan amaren da suka zauna a inuwar dutsen ma ba su bar nasu ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ita kyamara tun 1839 aka bayyana ta a Faransa, amma ta daɗe tana kallonmu kafin mu riƙe ta da hannunmu. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, abin da suka fi ɗauka shi ne sarakuna da dawaki da ganuwa da kasuwa, daga baya kuma dalar gyaɗa. Talaka idan ya fito a hoton, ya fito ne a matsayin "wani mutumin ƙasar". Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin Kano a lokacin, har zuwa 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa, kuma a harkar hoto ma Kano muka dogara da ita. Iyayenmu sun fara sanin mai hoto ne ta dalilin fasfo: na makaranta, na neman aiki, na tafiya Makka. Sannu a hankali ya shigo biki. Duk wanda ya buɗe albam ɗin mahaifiyarsa na shekarun 1980 ko 1990 zai ga yadda abin yake. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, don haka ba a harbi a banza. Sai an jera, an gyara ɗaurin ɗankwali, an ce kowa ya daina motsi. Mai hoto ya tara fina-finansa ya shiga mota ya kai Kano a wanke, a jira mako guda ko biyu, wani lokaci ya dawo ya ce fim ya ƙone, a yi haƙuri. Saboda tsadarsa da wahalarsa ake darajta shi. A juya bayan hoton za a ga hatimin situdiyo, wani lokaci da rubutun biro: wance da wance, ranar kamu, shekara kaza.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kyamarar da ba ta buƙatar fim ta biyo baya, daga nan waya mai kyamara ta shiga aljihun kowa. Kafin korona, bikin mai matsakaicin hali a Birnin Kudu ya riga ya zama aikin mutum biyu ko uku: mai hoto, mai bidiyo, da yaron da ke riƙe musu fitila. Ga kalanda mai hoton ango da amarya, ga anko, ga hoton kafin aure da malamai suka sha yin wa'azi a kansa. Hoto ya yi yawa har ya daina tsada, rubutun bayan hoto kuma ya mutu, tunda hoton da ke cikin waya ba shi da baya.

A haka shekarar 2020 ta same mu. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Najeriya, wani ɗan Italiya a Legas. Mu a nan labari ne na rediyo, ana ta raha cewa cutar masu hawa jirgi ce. Ranar 23 ga Maris makarantun jihohin arewa maso yamma suka rufe. Washegari aka ji gwamnan Bauchi, Bala Mohammed, ya kamu, kuma ga mutumin Gwaram Bauchi ba nesa ba ce, daga Basirka taku kaɗan ne. Jihohi suka shiga rufe iyakokinsu ɗaya bayan ɗaya, aka hana taruka. Ranar 11 ga Afrilu cutar ta bayyana a Kano, daren 16 ga wata aka kulle birnin. Wajen 19 ga wata sunan Jigawa ya shiga jerin hukumar NCDC. Gwamnatin Badaru Abubakar ta fara kulle Kazaure, kuma kafin Afrilu ya ƙare, muna cikin kwanakin farko na azumi, dokar kulle ta iso Birnin Kudu.

Wanda ya karanta waɗannan ranaku da kalandar Bature kaɗai zai rasa abu mafi muhimmanci. A lissafinmu, daga ƙarshen Maris zuwa 23 ga Afrilu na waccan shekara watan Sha'aban ne. Kowa ya san Sha'aban a ƙasar Hausa: watan da ake rige-rigen kai amare kafin azumi, watan da Islamiyyu ke walimar saukar Alƙur'ani. An sa rana tun bayan kaka, an kai lefe, an buga kati, kafinta ya gama gado, mai ɗinki ya karɓi atamfar anko. Dokar ta faɗo daidai kan wannan wata kamar an auna. Gidaje suka rabu gida uku. Wasu suka ɗaga sai bayan Sallah. Wasu suka ɗaura a zaure da mutum goma, aka kai amarya da magariba a mota ɗaya. Wasu kuma suka yi bikinsu kamar ba a yi doka ba.

Na zauna da wani mai hoto da ya haura shekara ashirin a sana'ar a garinmu, ya lissafa mini inda abincinsa yake fitowa a shekara: bukukuwan Sha'aban da na bayan Sallah, saukar karatu da yaye ɗalibai, fasfo na maniyyata, sai hoton yara ranar Sallah. A 2020 duka huɗun suka tsaya a lokaci guda. Makarantu a rufe. Saudiyya ta sanar a watan Yuni cewa ba mai zuwa Hajji daga wajen ƙasarta. Ƙaramar Sallah ta zo ranar 24 ga Mayu babu hawa, har a Kano inda sabon sarki Aminu Ado Bayero, da aka naɗa a watan Maris, ya yi Sallarsa ta farko ba tare da hawan Daushe ba. Abin da ya fi damun mutumin nan shi ne kuɗin kafin alƙalami da ya karɓa na biki kusan goma, ya riga ya sayi hatsin azumi da su. Wasu suka yafe, wasu suka ce a riƙe sai an sa sabuwar rana, mutum biyu suka ce a ba su kuɗinsu, ya sayar da fitilar aikinsa ya biya. Da damina ta faɗi ya koma gona. Ya ce a shekarar ne ya gane cewa ana iya aure ba shi, kuma ba duka waɗanda suka gwada suka dawo wajensa ba.

To wa ya ɗauki hotunan shekarar? 'Yan gida ne. Ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa, ɗalibai irina da aka koro daga makaranta muna zaune ba aikin fari ba na baƙi, kuma sama da kowa 'yan mata masu Itel da Tecno da Infinix. Wannan ya canza abin da ke cikin hoton, kuma a nan nake so marubuci ya buɗe ido.

A babban biki, mai hoto namiji ne baƙo. Ana shigo da shi cikin gida na ɗan lokaci, mata su yafa mayafi, a jera, ya ɗauka ya fita. Abin da yake kamawa shi ne abin da aka shirya masa. Amma ƙanwar amarya ba wanda ke shirya mata. Na duba hotunan gidaje bakwai na dangi da abokai daga waccan shekara, da izininsu, abin da na gani ya bambanta da duk albam ɗin da na sani. Ga amarya da lalle a ƙafa an ɗaure da leda tana cin ɗanwake. Ga uwa tana jera kwanuka a kwali tana share ido da gefen zani. Ga kaka, wadda a babban biki takan ƙule a ɗaki saboda hayaniya har a gama ba ta fito a hoto ko ɗaya ba, yau ita ce a tsakiya, amarya ta ɗora kai a cinyarta. A gida biyu cikin bakwai ɗin, hoton shekarar korona shi ne hoto na ƙarshe, a ɗaya ma shi kaɗai ne mai kyau, na tsohuwar gidan kafin Allah ya karɓi abarsa. Hotunan ba su da kyau ta fuskar sana'a. Wasu sun karkace, wasu duhu, wani yatsa ya rufe kusurwa. Ni dai na fi son su.

Sai takunkumi. Duk wanda zai rubuta labari a kan shekarar ya kalli inda takunkumin yake a hoto kafin ya sa wa jarumarsa shi. A hotunanmu da wuya ka gan shi a kan hanci. Yana ƙarƙashin haɓa, ko yana lilo a kunne ɗaya, ko an riƙe shi a hannu kamar hankici. A wani hoton ƙawayen amarya huɗu sun ɗinka shi da ragowar atamfar ankonsu, ya zama ado. Mai shuɗin nan na asibiti kuwa, ka gan shi to ma'aikacin lafiya ne ko wanda ya zo daga birni. A hoton zauren kakanmu mutum ɗaya ne ya rufe hanci da baki yadda aka ce, wani kawunmu malamin makaranta, kuma na tuna har tsokanarsa aka yi.

Abu na uku da hoton ke faɗa shi ne waɗanda babu. Wannan sai ɗan gida zai iya karantawa. Baƙo zai ga mutum tara, ni kuma ina ganin gurbin Kawu babba, wanda shi ya kamata ya ba da auren, amma yana Kano an kulle su kwana biyu kafin ranar. Ta waya ya wakilta ƙaninsa, aka sa a lasifika kowa ya ji, aka shaida. A cikin gida akwai hoton amarya riƙe da waya a gaban fuskarta, a cikin wayar ga fuskar yayarta daga Kano, duk su biyun suna kuka. Hoto a cikin hoto. A ranar ce kuma aka binne Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, a Abuja, kuma na tuna bayan an shafa fatiha hirar da aka yi a zauren ke nan: ga manya can sun taru a maƙabarta, mu nan an ce kada mu wuce goma. Makonnin da suka biyo baya ne labarin mace-macen Kano ya riƙa zuwa, dattawa da malamai da 'yan boko, kullum sai an yi waya an ce wane ya rasu. Daga baya a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma ana jin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari cutar ce sanadi. Daga nan aka daina tsokanar kawu mai takunkumi.

Kada in ba ku rabin labari. Dangin mahaifiyata mutanen ƙasar Gwaram ne, wani ƙauye a yankin Sara, kuma na je suna a can bayan Sallah. Hotunan da na ɗauko ba su da bambanci da na 2019. Mata cike da tsakar gida, yara a kan katanga, tuwo a manyan kwanuka ana ci hannu biyar-biyar. Abin da ya dami mutane a can shi ne kasuwa da ta tsaya, da kuɗin taki, da 'ya'yansu 'yan ci-rani da suka maƙale a kudu, tunda an hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli. Yankin kuma ya saba auratayya da ƙauyukan Bauchi, iyaka a wajensu layi ne a takarda. An nuna mini hoton wata amarya da aka ɗauko daga tsallaken iyaka ta hanyar daji, tana bayan babur an lulluɓe ta, gwaggonta a babur na biyu da ƙullin kaya a ka. Mai son rubuta cewa kowa ya kulle kansa a gida zai ɓoye wannan hoton, mai son rubuta cewa korona ƙarya ce zai ɓoye na zauren kakanmu. Mai rubuta tarihi dole ya ajiye su biyun a shafi ɗaya.

A can ne kuma na ga hoton da ba na biki ba amma ya fi kowanne taɓa ni. Gwamnonin arewa sun yanke shawara a watan Afrilu cewa a mayar da almajirai jihohinsu na asali. Waɗanda aka kawo Jigawa an fara killace su a sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke kusa da Dutse, aka gwada su, wasu aka same su da cutar, sannan aka riƙa miƙa su ga ƙananan hukumominsu. A hoton, yaro ne ɗan kimanin shekara goma tsaye a ƙofar gida da allo a hammata da buhun kayansa, mahaifiyarsa ta dafa kansa, ba ta kallon kyamara, shi take kallo. Jaridu sun kawo adadin yaran da aka kwaso, amma ban ga jaridar da ta bi yaro ɗaya har ƙofar gidansu ba. Wata yarinya mai ƙaramar waya ta yi wannan aikin.

Akwai kuma hotunan da aka ƙi ɗauka, da waɗanda aka goge da gangan. A gidajen da aka yi taro cikin doka, hoto ya zama abin tsoro, don shaida ne. Sau nawa na ji dattijo yana cewa, "Kai yaro, ajiye wayar nan, kada ka ja mana." Waɗanda aka ɗauka ma an yi gargaɗi kada a kuskura a sa a Facebook. Saboda haka duk wanda zai auna shekarar da abin da ya gani a intanet, zai ga ƙananan bukukuwa masu bin doka sun fi yawa fiye da yadda suke a zahiri. Shaida ma tana da son kai, sai an tambaye ta wa ya ajiye ta, kuma me ya sa.

Me ya sa nake damuwa da wannan? Saboda an taɓa yi. A watan Satumba 1918 wata annobar mura ta sauka a Legas daga jirgin ruwa, ta bi layin dogo da ya iso Kano 'yan shekaru kafin nan, ta bazu cikin ƙauyuka. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kusan mutum rabin miliyan a Najeriya, lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Tsofaffi sun kira ta marisuwa, har ana lissafin shekarun haihuwa da ita. Annoba ce da ta fi korona kisa nesa ba kusa ba. Amma yau shiga Birnin Kudu ko Gwaram ka tambayi matashi marisuwa, zai zaci sunan wani abinci ne. Abin da ya rage shi ne alƙaluman rahoton Turawa da suna ɗaya. Yadda aka yi aure a shekarar, wa ya ɗaura, wa ya wanke gawa, wace amarya ce ta zama bazawara kafin ta fita kunya, duk sun tafi da masu su, kamar amaren Dutsen Murufu. Su suna da uzuri, ba kyamara a hannunsu, masu rubutu kuma kaɗan ne. Mu kuwa ba mu da wannan uzurin.

Kuma ga shi muna kan hanyar maimaitawa, ni ne shaida na farko. A tsakanin Afrilu da Agusta na 2020 na ɗauki hoto sama da ɗari huɗu: aure uku, suna biyu, Sallah biyu, layukan garinmu ranar da aka kulle ba kowa sai awaki. Duk suna kan memori ɗaya. A shekarar da ta biyo baya wayar ta faɗa ruwa, na kai wa mai gyara, ya ce memorin ya mutu. Na yi ta cewa zan tura su wani wuri, ban tura ba, laifina ne ba na kowa ba. Abin da na tsira da shi guda 31 ne, waɗanda na taɓa tura wa mutane ta WhatsApp, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo su dawo mini da su. Sun dawo a matse, idan an buɗa su da girma fuska sai ta farfashe. Da yawa daga waɗanda na tambaya sun ce sun canza waya, ko sun goge don wuri ya cika, ko a status kawai suka gani, wanda bayan awa 24 ya ɓace. Albam ɗin mahaifiyata na shekara talatin yana nan cikin adaka, ɗan ja kawai ya yi. Na shekara biyar ne ya gagara ajiyuwa.

Ku dubi Mali. Seydou Keïta ya buɗe situdiyo a Bamako a 1948, Malick Sidibé ya biyo bayansa yana yawo da kyamara gidajen biki da wuraren rawar matasa. Ba su ɗauki kansu masu rubuta tarihi ba, abinci suke nema kamar mai hoton garinmu. Abin da suka yi daban shi ne sun adana nagatif ɗinsu, dubbai, Sidibé har da jera su a kwalaye da kwanan wata. Yau duk mai son ganin yadda mutanen Bamako suka yi ado da soyayya a shekarun samun 'yancin kai, wajensu yake zuwa, kuma a 2007 aka ba Sidibé babbar lambar girmamawa ta baje kolin fasaha na Venice a Italiya. Na tambayi mai hoton garinmu ina nasa nagatif ɗin na shekarun baya. Ya yi dariya ya ce gara ta ci wasu, sauran yara sun yi wasa da su.

Abin da na koma yi ba mai yawa ba ne. Na kai guda 31 ɗin an wanke mini su a kati, ina bin gidajen da abin ya shafa ina tambaya, ina rubutawa a baya da biro: rana, wuri, sunayen da ke ciki daga dama zuwa hagu, wanda ya ɗauka, da wanda ya kamata ya kasance amma babu shi da dalili. Wanda ya ƙunshi matan aure ba ya fita daga gidansu, nakan rubuta bayanin in bar musu katin, in riƙe kwafin rubutun kawai a littafina. Wannan sharaɗi ne, don amana aka ba mu muka shiga da waya inda mai hoto ba ya shiga, kuma wanda ya ɗauki hoton matar wani ya watsa da sunan tarihi ya ci amanar. A zaman ƙungiyarmu ta marubuta na kawo maganar, mutum uku suka ce za su gwada a unguwanninsu. Ɗaya ta riga ta fara gajeren labari daga hoton sunan ɗan yayarta, wanda aka raɗa da mutum biyar bayan sallar asuba.

Hoton zaure shi na bari ƙarshe, don ina ganin na san kowa a ciki. Da na zo rubutawa sai na tsaya a kan mutum na biyu daga hagu, ɗaya daga cikin waɗanda haske ya cinye wa fuska. Ni na ɗauki hoton, ina wurin, amma na kasa tuna ko wane ne. Na ɗauka na kai wa Gwaggo. Ta sa tabarau, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Ai maƙwabcinmu ne mai gyaran keke. Ba ka ga hular ba? Ba a gayyace shi ba ma, wucewa yake yi Malam ya ce ya shigo a cika shaidu."

Na ce, "Gwaggo, yana nan kuwa? Na kwana biyu ban gan shi ba."

Ta ce, "Allah ya jiƙansa, da kakar bara ya rasu. Rubuta sunansa da kyau, ka wanko wani ka kai wa iyalinsa, ban jin suna da hotonsa."

Na rubuta. Na iyalin nasa yana wajen mai wanki, ya ce in dawo ranar Laraba idan an kawo wuta.